Haruffan Dalma da Wuƙar Takarda

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Kina dai shan maganin, ko kin sake ajiye shi a bakin taga kina cewa kin warke? Mu nan alhamdu lillahi, sai abin da ba a rasa ba.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Maganar ce ba ta waya ba. Kin san gidanmu, tari ka yi a tsakar gida sai an ji shi a uwar ɗaka. Kuma na ɗauki wayar na ajiye ya fi a ƙirga, muryar ce ta ƙi fita.

Kin tuna gwangwanin haruffan maigidana Malam? Tun lokacin da maɗaba'arsu ta daina jera haruffan dalma da hannu, aka mayar da shi kan injin yankan takarda, ya roƙi tsofaffin haruffan da za a zubar ya kawo su gida cikin gwangwanin madara. Kullum bayan la'asar, in ya dawo ya watsa ruwa, sai ya juye su a faranti ya jera kalma ɗaya ta Turanci, ya gaya mini ma'anarta. Sannan ya wargaza ya sake jerawa, da haruffan nan dai, ba ƙari ba ragi, sai ga wata kalmar daban da tata ma'anar. Tagwaye yake kiransu. Haruffan a juye suke kamar a madubi, shi haka yake karanta abinsa, ni kuwa sai ya dangwala musu tawada ya buga mini a gefen tsohuwar jarida.

Da farko kin san ban so abin ba. Mu da muka tashi a gaban allo, inda in ka karkatar da wasali ɗaya sai ka ji a jikinka, ganin mutum yana jujjuya haruffa yana dariya sai da gabana ya faɗi. Sai da ya zaunar da ni ya ce wannan ba nassi ba ne, harshen kasuwa da ofis ne, babu laifi. Daga ranar na zama Ɗaliba, sunan da yake kirana da shi har gobe.

Shi ya sa Turancina duk biyu-biyu yake. Ban iya tambayar hanya ba, amma na san lemon lemun tsami ne, melon kankana. Na san below ƙarƙashi, elbow gwiwar hannu. Ke ma ai kin sami rabonki ranar da ya jera sister, wato 'yar'uwa, ya juya ta ta koma resist, turjewa, ya ce ashe Turawa ma sun san halinki. Kika ce ya jira ki, sai kin shiga makarantar yaƙi da jahilci kin dawo kin rama.

To Yaya, makon jiya ya jera earth, ƙasa. Tana cikin na farko-farkon da ya koya mini. Harafin ƙarshe kawai ake ɗaukowa a kawo gaba, ta zama heart, zuciya. Ya zauna yana tura haruffan nan da yatsa, ya kai wannan can, ya dawo da wancan nan, har shayinsa ya huce. Na ɗauka jana yake yi in faɗa da bakina. Na yi dariya na ce, Malam, yau kuma rowa ake mini? Ya ɗago ya dube ni, sai na daina dariyar. Irin kallon wanda ya shigo ɗaki ya manta abin da ya kawo shi. Ya ce wannan ba ta da 'yar'uwa, ita kaɗai aka haifa. Ya kwashe haruffan ya rufe gwangwani.

Shekaranjiya kuma ya jera lamp ya tambaye ni ma'anarta. Na ce fitila, ina jiran ya juya ta ta koma palm, tafin hannu, kamar yadda ya saba. Sai ya ce, au, haka ne? Na gode. Yaya, Malam bai taɓa yi mini godiya a kan ma'anar kalma ba. Shi ne mai bayarwa.

Tun daga lokacin Kawu nake ta tunawa, yadda ya fara da ɓatar da makulli, ya ƙare yana tambayarmu ina mahaifiyarsa ta tafi. Ina ta korar tunanin yana dawowa. Don Allah kada 'ya'yana su ji, musamman Auta, kin san ta da kuka. Ki sa mu a addu'a, ki kuma gaya mini ko ni ce nake girmama ƙaramin abu.

Ki gaishe da maigidan da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Mai Sanyi

*

Yayata,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina fatan kuna lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Takardarki ta iso, a tsaye na karanta ta a kicin. Na gode da addu'o'in, ina yin su safe da yamma. Kin ce gajiya ce da shekaru, in rage masa shayi in bar shi ya huta. Allah ya amsa bakinki.

Sai dai na yi wani abu da nake jin nauyinsa. Ya jera bread ya ce, Ɗaliba, mene ne? Burodi ne, na sani sarai, gemu kuwa beard ne. Amma da gangan na ce gemu. A da, da ya kama haɓarsa ya ce to yanko mini gemu in sha shayi da shi, mu yi ta dariya. Ranar sai ya gyaɗa kai ya ce madalla. Na sake gwadawa da listen, saurara, da silent, shiru. Na musanya musu ma'ana. Ya ce madalla, ƙwaƙwalwarki na nan. Na tashi na shiga ɗaki na yi ta istigfari. Ƙarya ƙarya ce ko ta gwaji ce, kuma wanda na yi wa ita ya yarda da ni ido rufe.

Abin da ke rikita ni, karatunsa na sallah ko wasali bai zube ba. Yana gane kowa, yana tsokanar mai kayan miya kamar kullum. Ranar Lahadi ma ya jero uku a tare, care, race, acre, ya ce kulawa, tsere, da ma'aunin gona, yana taƙama. Na ce alhamdu lillahi, ashe ni ce da mugun zato. Washegari na same shi a bakin famfo, buta ta cika tana ta zuba a kan takalminsa, shi kuwa yana kallonta kawai.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Ranar Talata ya manta abincinsa a kan kujera, na sa mayafi na kai masa. Rabona da wurin aikinsu har na manta. Ana bi ta layin masu walda, a wuce mai gyaran agogo, ƙofar na lungu, tun daga nesa kike jin warin tawada da kananzir. Ban taɓa tsayawa na kalli injin nan da kyau ba sai ranar. Teburi ne na ƙarfe, da wuƙa a samansa, tsawonta ya kai in buɗe hannuwana biyu. Ana tura mata tulin takarda mai kaurin bulo, ta sauka ta raba shi kamar ana yanka sabulu, ko gezau.

Tsohon inji ne, sai da mutum biyu. Malam yana gaba, shi ke jan ƙarfen da ke sakin wuƙar. Dogo yana baya yana daidaita bakin takardar da tafukansa, a daidai inda wuƙar ke sauka. Kin san Dogo, wanda Malam ya koya wa aiki, matarsa ce a gidan da ke bayanmu, ba ta daɗe da haihuwa ba. Jikin injin ya tare tsakaninsu, na gaba ba ya ganin hannun na baya. Don haka suna da ƙa'ida. Malam zai ce, "Hannu?" Dogo ya ce, "Na ɗauke!" Sai a ja ƙarfe. Duk abin da ke tsakanin yatsun bawan Allah nan da wuƙar, tambayar nan ce, kuma a kan Malam take zaune.

Na tsaya a bakin ƙofa da kwano a hannu. Ya tambaya, aka amsa, ya yanka. Ya sake, lafiya lau. Har zuciyata ta fara kwanciya. Sai a wani karon na ga hannunsa ya riga bakinsa. Ƙarfen ya fara tafiya kafin tambayar ta gama fita, amsar Dogo da saukar wuƙar suka zo tare. Babu wanda ya lura, ƙarar injina ta cika wurin. Ni kaɗai na gani. Na jingina da ƙofa. Da Malam ya hango ni sai ya washe baki yana ce wa masu ɗinkin littafi, ga Ɗalibata ta zo duba ko ina aiki.

Na dawo gida ban san ta inda na bi ba. Yaya, ko idona ne? Ko dama haka suke yi don sabo? Ki ba ni amsa da wuri.

Gaisuwa ga mutanen gida baki ɗaya.

Taki,
Mai Sanyi

*

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan, Allah ya ƙara masa lafiya.

Ba idona ba ne. Jiya da hantsi matar Dogo ta shigo aron rariya, da jaririnta a kafaɗa. Tana ta zuba kamar yadda ta saba, har ta ce, Umma, kin ga ɗan naki da ɓarna? Wai Dogo ya dawo da bakin hannun rigarsa a gutsure, ya ce ƙusa ce ta kama shi. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ƙusa mai ladabi haka ba, ta yanke shi santal kamar almakashin tela, ko zare bai tashi ba. Tana faɗa tana dariya tana jijjiga yaron. Na miƙa mata rariyar, na ce ta riƙe ta har sai ta gama, na samu ta fita kafin fuskata ta tona ni.

Da yamma na tsaya a bakin lungu na tare Dogo. Ya durƙusa zai gaishe ni na ce ya tashi, ya nuna mini hannunsa. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya sunkuyar da kai. Ya ce Baba, wato Malam, bai tambaya ba sam, ya ja ƙarfen kawai. Allah ne ya sa ya ji motsin ƙarfen ya fizge hannu, wuƙar ta tafi da bakin rigar. Ya ce ba ranar ce ta farko ba. Na ce to me ya sa bai faɗa ba? Ya ce, "Umma, wa zan gaya wa? Mutumin da ya ɗauke ni ban san gaban takarda da bayanta ba? In mai wurin ya ji, ranar zai sallame shi. Ki bar ni da shi, na daina jiran muryarsa, ƙarar ƙarfen nake saurare." Har da yi mini wasa, wai yatsun nasa sun yi tsawo da yawa dama, ko an rage ba za a gane ba. Ban yi dariya ba. Ya roƙe ni da girman Allah kada in gaya wa matarsa.

Bayan la'asar na jira Malam ya juye haruffansa. Ya jera night, dare, ya daɗe bai samo thing ba, wato abu, har ya fara huci. Na lallaɓa na ce, Malam, ko za mu je asibiti a duba ka, na ga kwanan nan kana yawan gajiya. Ya ce lafiyarsa ƙalau. Na ce injin nan fa ba ya son gajiya. Yaya, tunda aka kawo ni gidan nan bai taɓa ɗaga mini murya ba sai jiya. Ya ce tun ban iya ɗaura zani ba yake gaban ƙarfe, ba a taɓa ɗigar da jinin kowa a hannunsa ba, yanzu ni zan koya masa? Ya ce wa ke kawo mini tsegumi? Ya ture farantin, haruffan suka watse har ƙarƙashin kujera. Na bi su ina tsinta ɗaya-ɗaya. Can sai na ga ya durƙusa kusa da ni yana taya ni. Ina jin ya sani, Yaya. Tsoro yake ji, irin nawa ko fiye.

Kin rubuto kin ce mace ba ta tona asirin mijinta, in yi ta addu'a in bar wa Allah. Haka aka koya mana, ni ma da shi na rayu. Amma an kuma koya mana kada a cutar, kada a bari a cutu. Na sa wannan a hannun dama, wancan a hagu, na rasa wanda zan ajiye. In na yi magana, na cire wa Malam rigarsa a gaban yaran da ya koya wa aiki, kuma ban san me zai rage masa ba in an raba shi da wurin nan. In na yi shiru, yarinyar nan da ta zo aron rariya fa? Da wane ido zan dube ta ranar da aka kawo mata mijinta da hannu a naɗe?

Ga shi an kusa komawa makaranta, an kawo musu aikin littattafan rubutu jibgi guda, yanka daga safe har yamma, kowa na sauri. Yanzu ko yaro ne ya buga ƙofa da rana sai in zabura. In babur ya tsaya a ƙofar gida, sai in miƙe da tsintsiya a hannu ina jiran a kira ni.

Ba zan je wurin mai wurin a bayan idonsa ba, wannan kam na yanke. Abin da zan yi ne ban sani ba tukuna. Ki taya ni roƙon zaɓin Allah.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Mai Sanyi

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da iyali. Kafin komai, babu wanda ya ji ciwo. Na fara da wannan don kada gabanki ya faɗi.

Ranar Litinin da safe, yana sa takalmi, na durƙusa a gabansa na gaya masa komai. Na ce na ga hannunsa ya riga bakinsa. Na gaya masa maganar rigar Dogo. Na gaya masa har da ma'anonin da na musanya masa ya ce madalla, na nemi ya yafe mini. Na ce in bai gaya wa mai wurin ba, ni zan gaya masa, kuma ga shi na sanar da shi tun a gida don kada ya ce na ci amanarsa. Ya daɗe yana kallon igiyar takalminsa. Ya ce bai ba ni izinin fita ba. Ya ɗauki abincinsa ya tafi.

Na zauna a bakin gado, mayafi a cinyata. Kin san ban taɓa taka ƙofar nan da haninsa a kaina ba. Na ji matar Dogo ta bayan katanga tana yi wa ɗanta waƙa tana wanki. Na tashi na sa mayafin.

Na bi shi daga nesa. A wajen masu walda ya waiwayo, na tabbata ya gan ni, bai tsaya ba. Da na isa har ya sa rigar aiki, an tara musu tulin takarda ya kusa kai ƙugu. Ofishin mai wurin na can ciki, sai an ratsa ta gaban injin. Na shiga, ƙafafuna suka ƙi wucewa. Na tsaya a gefe, inda nake ganin su duka biyun, ina ce wa kaina bari ya gama wannan, bari in ga ko yau da sauƙi. Ya tambaya an amsa, ya tambaya an amsa. Ina jin ganina ya sa yake ta ƙoƙari, gumi har ya jiƙa masa wuya.

Sai wani daga masu ɗinki ya kira shi yana tambayar awon wani aiki. Ya juya ya ba shi amsa. Da ya juyo, hannunsa ya tafi kan ƙarfen kai tsaye. A lokacin an kunna babban injin bugu, ba a jin komai, Dogo kuwa ya duƙa, tafukansa biyu shimfiɗe a ƙarƙashin wuƙar yana lallashin takardar da ta karkace.

Yaya, ke kike cewa sai an kasa kunne ake sanin ina magana. Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ce, "Hannu!" har maƙogwarona ya yi zafi. Dogo ya yi baya ya faɗa kan kwalaye. Wuƙar ta sauka. Wani ya kashe babban injin, wurin ya yi tsit, sai guntayen takarda da ke zubowa ƙasa.

Malam ya dubi hannunsa a kan ƙarfen, ya leƙa ya dubi Dogo a ƙasa yana jujjuya tafukansa, sannan ya dube ni. Mai wurin ya fito a guje yana tambayar lafiya. Dogo ya fara cewa santsi ne ya kwashe shi. Na ce a'a. A gaban kowa na faɗa, kaina a ƙasa. Na ce Malam ba shi da lafiya, mantuwa ta kama shi, kuma wannan ba shi ne karon farko ba.

Malam ya cire rigar aikin a hankali, ya ninke ta yadda yake ninke komai, gefe da gefe, ya ɗora a kan teburin injin. Ya je ya kama hannayen Dogo duka biyu ya riƙe, Dogo na ta kuka yana cewa Baba ba komai, Baba ba komai. Daga nan ya fita. Ya wuce ta gabana kamar ginshiƙi ya wuce.

Tun ranar bai ce mini uffan ba. Yana cin abin da na ajiye, yana amsa sallamar baƙi, ni kuwa ko Ɗaliba babu. Mai wurin ya zo har gida, ya yi magana mai daɗi, amma ya ce injin kam an gama. Na kira ɗanmu Babba na gaya masa, zai zo ya kai shi asibiti. Ki gaya wa Auta da bakinki, ni ba zan iya ba.

Ban yi nadama ba, amma ban san ko zai yafe mini ba. Ki roƙa mini.

Taki har kullum,
Mai Sanyi

*

Yayata ta kaina,

Sallama irin ta addini, da gaisuwa gare ki da maigidan da yara. Na ji kin ce ƙafar ta bar ki kina zuwa kasuwa, na yi murna.

An je asibiti. Likita ta yi masa tambayoyi, aka ɗauki hoton kansa. Ta ce abin da muke tsoro ne, ciwon mantuwa. Akwai maganin da zai rage masa gudu, babu mai tsayar da shi. Babba ya ba ta labarin gwangwanin, ta ce a ci gaba, yana da amfani. Yanzu ni ke jerawa. Na koyi karanta su a juye, ina kuskure, wani lokaci ya gyara mini, wani lokaci mu zauna mu biyu muna kallon kalma kamar baƙuwa. A makon farko ko kallon farantin bai yi ba. Matar Dogo ta ji komai. Ta shigo ta faɗa jikina, na rungume ta.

Kin san abin da na yi ta roƙo, Allah ya sanyaya zuciyarsa a kaina. To ranar Alhamis na fito daga kicin na same shi ya yi wanka ya shirya tsaf, fuskarsa a sake. Ya ce, "Ɗaliba, ina abincina? Zan makara, ga aikin 'yan makaranta ya taru, Dogo na can yana jirana." Yana murmushi, Yaya. Babu fushi ko ɗigo. Ba yafewa ya yi ba. Abin ne ya fita daga kansa gaba ɗaya.

Na tsaya da ludayi a hannu. Da na ce masa yau hutu ne, da ya zauna lafiya ya sha shayinsa yana tsokanata. Harshena har ya ɗauko ƙaryar. Na kasa. Na zaunar da shi na sake gaya masa, tun daga rigar Dogo har ihun da na yi. Na ga abin ya sake sauka a fuskarsa sabo fil, kamar yau ya faru. Ya tambaya ko yaron ya ji ciwo. Na ce a'a. Ya ce alhamdu lillahi, ya cire takalminsa, ya juya mini baya har yamma.

Jiya ma ya shirya. Yau bai shirya ba, yana zaune yana fushi da ni, ya san dalili. Wallahi Yaya, ranakun fushin sun fi mini sauƙi, don a ranakun ne nake da shi cikakke.

Ki zo, don Allah. Ba don aiki ba, ina iyawa. Ina son wani ya kasance a tsakar gida da safe, lokacin da zan ji ƙarar ruwan wankansa ban san wanne zai fito mini ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Mai Sanyi